AN DUBA, BABA

Shafi na 9

Assalamu alaikum. Ku yafe min karambanin nan. Ni da na saba laɓewa ina karanta na mutane, yau ga ni har shafi na tara a nawa. Masu cewa ina jan rai, wallahi ba yanga ba ce, tsoro ne. Sau uku na goge wannan shafin kafin na iya turo shi. Ga wanda ya shigo yanzu: gidan Baba Rigakafi ya yi gobara kwana huɗu da suka wuce, ba a rasa rai ba, yau kuma mutumin kamfanin inshora ya zo.

*

Ƙaurin bai tafi ba. Da ka sa ƙafa a gidan sai ya shaƙe maka maƙogwaro.

Sakatariya, babbar 'yar Baba, na tsaye a bakin abin da ya rage na falo, ta rungume jakar takardu a ƙirji kamar za a ƙwace mata. Baba ne ya laƙaba mata wannan suna tun bara, ranar da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi. Ya miƙa mata jakar da hannunsa mai lafiya ya ce, "Ke ce babba. Daga yau ke ce ofishina."

Mutumin inshora na zagaye gidan. Gajere ne, tsaf-tsaf, ya naɗe ƙafar wandonsa gudun toka. Ya ɗauki hoton silin da ya rufto. Ya ɗauki hoton gadon Baba da ya koma tsurar ƙarfe. Har kwalaben magani da suka narke suka manne da juna bai bari ba.

Baba na zaune a kujerar roba a inuwar bango, sandarsa tsakanin gwiwoyinsa. Umma na gefe tana yi masa fifita da murfin kwali.

"Yallaɓai," in ji Umma, "ka rubuta da keken ɗinkina. Sabo ne fil."

"Sabo?" Baba ya juyo da ƙyar. "Keken da ya girmi autarmu?"

"To ni a wurina sabo ne. Bai taɓa lalacewa ba."

Mutumin ya yi murmushi ya rubuta wani abu.

"Shekara goma sha tara ana yi min dariya a layin nan," in ji Baba, maganarsa na fita a karkace saboda ciwon. "Wai Rigakafi ya yi wa gida inshora sai ka ce jirgin sama. Wai ban yarda da ƙaddara ba. Na ce musu ai Allah ma cewa ya yi tashi in taimake ka. Yau ina masu dariyar?"

"Suna leƙe ta katanga," in ji Umma.

Mutumin ya jawo benci ya zauna, ya karɓi jakar daga hannun Sakatariya, ya yi ta buɗa takardu yana gyaɗa kai.

"Baba, gaskiya ban taɓa ganin fayil mai tsari irin wannan ba. Ba ku taɓa tsallake biya ba ko sau ɗaya."

"Aikin Sakatariya ne."

"Saura abu ɗaya." Ya ɗago. "Kun san sharaɗinmu a kan tsohon gida. Duk shekara mai wayarin mai lasisi zai duba wayoyin wuta, ya ba da takarda. Ga ta bara, ga ta bara waccan. Ta bana nake nema."

Sakatariya ta ƙura wa jakar ido.

"'Yan kwana-kwana sun rubuta cewa wutar daga silin ɗakin Baba ta tashi," ya ci gaba. "Waya ce. Don haka takardar nan ita ce komai. Malama?"

"Ta... ta ƙone, Yallaɓai."

"Duk 'yan uwanta suna jaka, ita kaɗai ta ƙone?"

"Na cire ta ne. Na bar ta a ɗakina."

Wannan kam gaskiya ce. A ɗakinta ta bar ta, a ninke cikin wani tsohon littafi a ƙarƙashin katifa, inda ba wanda zai gani.

"Ba komai," in ji shi. "Masu wayarin suna ajiye kwafi a littafinsu. Wa ya duba muku?"

"Na-Sama," in ji Umma da sauri. "Aminin malam ne. Shagonsa na bayan tashar mota, kowa ya san shi."

Sakatariya ta ji kamar ta rufe wa uwarta baki da tafin hannu.

Mutumin ya zaro wata takarda ya ɗora a kan fayil, ya matso kusa da Baba.

"Baba, zan tambaye ka, sai ka sa hannu. An duba wayoyin bana?"

"An duba."

"Akwai gyaran da aka ce a yi, ba a yi ba?"

Fifitar Umma ce kaɗai ke motsi a gidan. Baba bai kalli kowa ba. Ya ƙura wa kan sandarsa ido.

"Babu," ya ce. "Lafiya lau aka ce."

"Dole in faɗa maka, haka aikin yake. In aka sa hannu a kan abin da ba haka ba ne, kamfani ba ya biyan ko ƙusa. Wani lokaci ma har kotu ake zuwa."

"Kawo biron, ɗana."

Da hannun hagu ya sa hannun, a hankali, harshensa a gefen baki kamar mai koyon rubutu. Sakatariya ta kawar da kai. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da ta shige ba sallama.

Wata bakwai ke nan da ranar da aka duba wayoyin.

A ranar, Na-Sama ya sauko daga silin, yanar gizo-gizo fal hularsa, da guntun waya a hannu. Ya lanƙwasa ta a gabanta, robar ta farfashe ta zube kamar busasshen ganye.

"'Yata, wayar nan ta ci zamaninta. Ɓera ma ya taya ta. Sai an yanke wutar gidan mako guda, a ɓare silin ɗakin babanki, a sake ta gaba ɗaya."

Lokacin kwanan Baba tara da dawowa daga asibiti. Likita ya ce kada a tayar masa da hankali, kada a bar shi cikin zafi. Allurarsa a firji take kwana. Ina za ta kai shi mako guda? Albashinta na koyarwa kuwa kantin magani ke cinye shi tun kafin ya huce.

"Kawu, bari ya ɗan warware," ta ce. "Wata ɗaya kawai."

Na-Sama ya rubuta takardarsa ya ba ta. Da yamma Baba ya kira ta.

"Sakatariya, an duba?"

"An duba, Baba."

"Madalla."

Ba ta yi ƙarya ba. An duba ɗin. Bai ce an gyara ba, ita ma ba ta ce ba. A bayan wannan 'yar kalma ta ɓuya, wata ɗaya ya zama biyu, biyu ya zama bakwai. Lokaci-lokaci Baba kan sake tambayar, "An dai duba ko?" ta ce an duba, tana tausayinsa a zuci, wai ciwo ya fara taɓa masa tunani.

"Zan auna ɗakunan baya," muryar mutumin ta dawo da ita. "Daga nan sai in biya shagon mai wayarin. In kwafin ya yi daidai, cikin mako uku kun fara gini."

"Alhamdulillahi!" Umma ta ɗaga hannu sama. "Mu rabu da kwanan gidan mutane."

"Umma, bari in je in karɓo maganin Baba."

"Ba jiya kika karɓo ba?"

"Akwai wanda babu jiya."

"To ki haɗo da sabulu. Kada ki tsaya karatun allon talla a hanya, na san ki."

Ta ɗauki mayafinta. Sai da ta kai ƙofa ta waiwaya. Baba na kallon ta. Ta sunkuyar da kai ta fice.

Tana shan kwana ta fara gudu. Malamar makaranta guda, takalmi na fas-fas, mutane na bin ta da ido. Tasi biyu suka wuce ta a cike. Ta uku ta faɗa ciki ba ta ko faɗi inda za ta ba, sai da direba ya ce, "Hajiya, ina muka nufa, ko in zaɓa miki?"

Shagon Na-Sama ɗan tsukuku ne, dogo ciki kamar rami. Naɗaɗɗun wayoyi ja da baƙi rataye a bango, kwalayen ƙwan fitila har sama, tsani jingine kusa da wata ƙaramar ƙofa da ke fita lungun baya. Shi kansa yana bayan kanta, tabarau a kan hanci, yana kwance cikin wata fanka. Saboda rabin rayuwarsa a silin mutane ya yi ta, shi ya sa ake ce masa Na-Sama.

"A'a, Sakatariya! Ya jikin mutumina? Ya ƙarin haƙuri?"

Ta zagaya bayan kantar ta zube a kan gwiwoyinta.

"Subhanallahi. Tashi, tashi. Me ya faru?"

"Kawu, ka rufa min asiri, Allah ya rufa maka."

Ya ajiye sukudireba a hankali.

"Mutumin inshora na zuwa nan," ta ce. "Yanzu. Kwafin takardar bana yake so."

Na-Sama ya cire tabaransa ya murza ido. Ya miƙa hannu saman kanta ya sauko da wani littafi mai shuɗin bango, ya lashi yatsa, ya buɗa, ya buɗa, ya tsaya. Ya juyo mata da shi.

Ga rubutunsa nan, shuɗi-shuɗi na kwafi: *An duba. Wayar silin ɗakin mai gida ta lalace. A sake ta da gaggawa.* Har ya ja layi biyu a ƙarƙashin gaggawa.

"Ka rubuta wata," ta ce. "Ka sa kwanan watan wancan lokacin. Ka ce lafiya lau."

"In ce lafiya lau a kan wayar da ta cinye gida?"

"Ba wanda zai sani."

"Ni zan sani. Su ma za su sani, ba yara ba ne. Za su ce Na-Sama ya shiga sili ya ga mutuwa ya rubuta lafiya. Lasisina ya tafi, ni kuma in bi bayansa zuwa gidan yari. Shekara talatin da ɗaya, 'yata. Ba ni da gona, ba ni da haya. Sa hannun nan shi ne jarina."

"To ka ce littafin ya ɓata."

"Ɓera ya ci?"

"Ko ruwa ya jiƙa shi. Ko an sace. Ko me ma, Kawu!"

"Kin tashi daga sakatariya kin koma lauya."

"Kawu, ba wasa nake ba!" Muryarta ta fashe. "Gidan nan shi ne duk abin da Baba ya tara a duniya. Bulo-bulo ya gina shi. Yanzu a ɗaki ɗaya muke a gidan Goggo, mu biyar, Baba na kwana a ƙasa, mutumin da sai an ɗaga shi. Jiya mijin Goggo ya fara tambayar yaushe za a fara gini. In kamfani bai biya ba, ina za mu? Ina zan kai shi?"

"Sau nawa na kira wayarki?"

Ta kawar da ido gefe.

"Sau nawa, Sakatariya? Har na ce a yi aikin, kuɗin hannuna a bar shi sai hali ya yi, waya kawai za a saya."

"Na ga kiran."

"Kin ga kiran."

"Kullum sai in ce gobe. Wallahi kullum sai in ce gobe. In na shiga ɗakinsa sai in kasa kallon sama." Ta share hanci da gefen mayafi. "Ni a yi min komai, na cancanta. Amma Baba ya sa hannu ɗazu. A gabana. An tambaye shi ko akwai gyaran da ba a yi ba, ya ce babu. Mutumin da ko canjin da ya wuce nasa aka ba shi sai ya koma ya mayar. Na sa shi ya yi ƙarya bai sani ba, Kawu. In aka kai shi kotu a kan kujerar nan tasa..."

Na-Sama ya tsaya cak.

"Ya sa hannu?"

"Ya sa."

"Ya ce babu gyara?"

"Haka ya ce. Ai bai sani ba."

Tsohon ya nemi kujera ya zauna daɓas, kamar an zare masa laka.

"Innalillahi. Rigakafi, Rigakafi. Me ka yi haka?"

"Kawu, mene ne?"

"Wa ya ce miki bai sani ba?"

Ta ɗago. Fankar da ke sama na juyawa, ƙiiƙ, ƙiiƙ.

"Ban gane ba."

"Da na gaji da kiran ki, sai na je gidan da kaina. Wata biyar ke nan. Kina makaranta, uwarki ta je unguwa. Na same shi a kujera. Na faɗa masa komai. Har guntun wayar na kai masa, ya riƙe a hannunsa."

"A'a."

"Na ce masa, mutumina, ba ni izini gobe in zo da tsani. Sannan ya ce, 'Na-Sama, yarinyar nan ta ɗauki gida a ka, ta ɗauke ni a baya. Ko takalmi ba ta sake ba tun da na kwanta. Ni na ce mata ita ce ofishina. In na tsallake ta na sa aka yi aiki, na nuna mata ke nan na kama ta, ba za ta ƙara haɗa ido da ni ba. Bar ta. Za ta zo da kanta ta faɗa min. Zan riƙa buɗe mata ƙofa.'"

"Ƙofa..."

"Ya ce zai riƙa tambayar ki."

An dai duba ko?

Ta dafe kanta da hannu biyu. Sau nawa? Ranar da take yanke masa farce. Ranar da take ba shi shayi a baki. Ranar da ta dawo da takardun jarrabawa tana maki a gefen gadonsa, ya daɗe yana kallon sili, sannan ya ce, "Sakatariya, an dai duba ko?" Ita kuma ta shafa hannunsa ta ce, "An duba, Baba, ka manta ne?" Ya ce, "To. Na manta."

Ashe ba shi ne mai mantuwa ba.

"Na yi masa faɗa," in ji Na-Sama. "Na ce wuta ba ta san kunya ba, ba ta san 'ya da uba ba. Ya ce wata ɗaya kawai. Ku duka biyun bakinku ɗaya, wata ɗaya, wata ɗaya. Ni ma da laifina, da na zo da tsanina na hau ko da faɗa."

"Ke nan ɗazu... yana sane ya sa hannu."

"Yana sane."

"Don me?"

"Ke ma kin sani. In ya ce akwai gyara, tambaya ta gaba ita ce wa aka ba takardar. A gaban uwarki. A gaban masu leƙe ta katanga."

Wani kuka ya taho mata wanda ba shi da sauti. Ta kifa goshi a jikin kanta, kafaɗunta na rawa. Baba Rigakafi, wanda ke zagaya gida da tocila duk wata yana duba tiyon gas, wanda ya koya mata karanta ƙananan rubutun da ke bayan takarda kafin a sa hannu. Shi ne ya kwana wata biyar a ƙarƙashin wayar da ya san ta ruɓe, don kada 'yarsa ta ji kunya.

Ƙarar mota ta tsaya a waje. Aka kashe inji. Aka buɗe ƙofa, aka rufe.

"Sannu, don Allah nan ne shagon Na-Sama mai wayarin?"

Muryarsa ce. Mai tsaf-tsaf.

Na-Sama ya miƙe, ya mayar da tabaransa.

"Tashi ki goge fuskarki," ya ce ƙasa-ƙasa. "Zan fita in tare shi. In mun shigo, mu faɗa masa gaskiya, ni da ke. Ki ce ke kika riƙe takardar, tsoho ba shi da lafiya, a janye sa hannun. Gidan wataƙila ya tafi. Amma a bar mutumina ya mutu da sunansa."

"Kawu, gidan..."

"Na ji. Tashi."

Ya ɗaga labulen ƙofa ya fita. Ta ji shi yana cewa, "Maraba, maraba, Yallaɓai. Ya hanya? Ya aiki? Gyara fakin ɗin kaɗan, masu kaya na wucewa ta nan."

Littafin na nan a kan kanta, a buɗe.

Ta miƙe. Ta kalli layi biyun da ke ƙarƙashin gaggawa. Ta ga Baba a ƙasan ɗakin Goggo, yana jiran a zo a juya shi. Ta ga Umma da hannu a sama tana alhamdulillahi.

Takarda ɗaya ce. Siririya, har ana ganin yatsa ta bayanta.

Ba ta san lokacin da hannunta ya kai ba. Ta danne tsakiyar littafin, ta ja a hankali, a hankali, don kada ya yi ƙara. Ta fita sumul, ko ɓurɓushi ba ta bari ba. Ta dunƙule ta a tafin hannu.

Ta sauke numfashi. Ta kai hannu za ta rufe littafin.

Sai idonta ya sauka a saman shafin, can a kusurwa, inda aka buga wasu 'yan lambobi da jan tawada.

Na hagu: 0346.

Na dama: 0348.

Ta juya baya da sauri. 0345. 0344. Kowace takarda da lambarta, a jere, ba tsallake, tun daga farkon littafin. Shekara da shekaru Na-Sama bai taɓa yage ko ɗaya ba.

Yanzu ga giɓi, kuma a littafinsa. A daidai ranar gidansu.

Ta buɗe hannu. Takardar ta yamutse, gumi ya jiƙa ta, shuɗin rubutun ya fara bin tafinta. Ko da ƙaro ba za ta koma yadda take ba.

"Bismillah, shigo, Yallaɓai," muryar Na-Sama ta matso. "Littafin na kan kanta. Ni ba na ɓoye komai, duba da kanka. Akwai ma wadda ke son magana da kai a ciki."

Labulen ya motsa.

Sakatariya ta cire takalmanta ta riƙe a hannu ɗaya, takardar a ɗayan. Ta raɓa ta gefen tsani, ta tura ƙaramar ƙofar da kafaɗa, ta sulale cikin lungu.

*

Ni ma bari in bi ta ƙofar bayan, tun kafin wani ya gama karantawa ya ɗago kai.